Wuƙar Kawu Orrin

Maddock, Dakota ta Arewa
9 ga Oktoba, 1994

Yaya Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Bernadine da yara. Na san za ka juya ambulan ɗin nan kana tambayar wace ce kuma Marlys Hovland. Ni ce 'yar Orrin, ɗan ƙanwar kakarka Thora. Rabonmu da haɗuwa tun jana'izarta, ranar da ka zubar wa Fasto kofi a riga ka ce iska ce. In ka tuna wata doguwa da dariya ta ci ƙarfinta har aka fitar da ita waje, to ni ce.

Mu nan lafiya, sai Baba da jiki ya ɗan taɓa. Jininsa ya hau a watan Yuli, hannun hagu ya yi nauyi, amma baki yana nan daram, har ya fi na da. An gama girbin alkama, sanyi ya fara leƙowa.

Maganar wuƙa ce ta sa na rubuto. Ka san labarin, don babu taron dangin da Baba bai ba da shi ba. A watan Afrilun 1945, a wani ƙauyen Jamus da bai taɓa faɗin sunansa daidai ba, ya shiga rumbu neman ƙwai, sai ya tarar da yaro ɗan shekara sha uku cikin kakin ƙungiyar matasan Hitler. Ba bindiga a hannunsa, sai wuƙa. Baba ya karɓi wuƙar, ya ba shi rabin cakulan, ya nuna masa ƙofar baya. Da wannan labari aka raine mu. Ko kare na jefa, sai Mama ta ce, "Ubanki ya saki yaron Jamus, ke kin kasa ƙyale kare?"

Zauren tsofaffin sojoji na garinmu zai baje kayan tunawa a watan Mayu, don cikar yaƙin shekara hamsin da ƙarewa. Baba ya kai musu wuƙar wajen shan kofinsu na ranar Alhamis. Sai Arlo Stenberg, mai sayar da kayan gyaran tarakta, ya jujjuya ta ya ce, "Orrin, irin waɗannan ai kwali-kwali ake sayar da su a baje koli. Ina rubutun da ke jikin ruwanta?"

Baba ya ce, "Arlo, ranar da nake karɓar ta kai kana rarrafe da majina a hanci."

Aka yi dariya, amma da ya dawo gida abincin kirki bai ci ba.

An ce mini duk ƙasar nan, cikin masu tara irin waɗannan wuƙaƙe, maganarka ake ji. Ga hotuna huɗu. Hannun da ke riƙe da ita a na uku nasa ne, za ka gane shi da yatsan da injin sussuka ya gutsure. Ka rubuto mini abin da zan toshe wa Arlo baki da shi. Kada ka bugo waya, don tana kicin daidai kan kujerar Baba, kunnensa kuma ya fi nawa ji.

Ƙanwarka,
Marlys


Zanesville, Ohio
27 ga Oktoba, 1994

Ƙanwata Marlys,

Na sami wasiƙarki, na yi murna ƙwarai. Na tuna ki sarai, kuma har gobe iska ce. Ki gaishe da Kawu Orrin da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma gwiwa ta matsa mini, likita ya ce sai an yi aiki a Disamba. Bernadine tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki kada ki bar ni in fara maganar wuƙa, don ba na tsayawa. Ita ko taka ɗakin ƙarƙashin gida inda nake tara su ba ta yi, wai gidanta ba ma'ajiyar kayan shaiɗanu ba ne.

Arlo ɗinku a hanya ya tsinci maganarsa. Gaskiya ne na farko-farko suna da rubutu a jikin ruwan, amma an daina yin sa tun kafin yaƙi ya ɓarke. Rashin rubutu ba laifi ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan yaƙi. Maƙeran Jamus sun wayi gari da tulin ruwan wuƙa da mariƙai da kube, ga yunwa. Wasu suka harhaɗa suka sayar wa sojojinmu a bakin taba sigari. Wasu suka ci gaba da ƙera irinta sak don 'yan sikawut, da tambarin fure a mariƙi. Daga baya 'yan damfara suka riƙa ɓamɓare furen suna manna tambarin matasan Hitler, ja-da-farin nan mai baƙar alama. A kan wannan muke raba hali a sana'armu. Akwai mutum biyu da na sani, sun shekara goma ba sa ga maciji saboda kube guda.

Ga abin da za ki yi. Tambarin asali ba manna shi ake yi ba, 'yan ƙafafu biyu gare shi da ake lanƙwasawa ta ciki. Ki danna shi da babban yatsa. In ya yi girgiɗi kamar haƙorin yaro, madalla. In bai motsa ba, to akwai magana. A hoto kaɗai dai ba zan sa hannuna a kanta ba, ko da ta mahaifina ce.

Yayanki,
Wendell


Maddock
26 ga Nuwamba, 1994

Yaya Wendell,

Ina gaisuwa, ya ƙafa? Baba yana nan yadda yake. Dusar ƙanƙara ta rufe mu tun farkon wata.

Tambarin bai motsa ba. Na jira Baba ya shiga wanka, na ɗauko wuƙar daga aljihun tebur na danna har yatsana ya yi fari. Da na kai ta ƙarƙashin fitila sai na ga busasshen gam, rawaya-rawaya, a gefen tambarin.

Na yi ta yawo da abin a cikina. Ina wanke-wanke ina tunani, ina coci ina tunani. In wuƙar sayo ta aka yi, to yaron fa? In babu yaron, wane ne wannan mutumin da nake yanka wa nama a faranti?

Shekaranjiya, ranar bikin Godiya, bayan maƙwabta sun watse, muna naɗe sauran lefse, gurasar dankalin nan tamu, ni da Baba, sai bakina ya suɓuce. Wendell, ban ce "a ina ka samo" ba. Cewa na yi, "Baba, a ina ka sayi wuƙar nan?"

Ya ɗago ya ce, "Wa ya ce miki saya na yi?"

Na ce, "Wendell ya ce in tambarin bai motsa ba, jabu ce."

"Wendell jikan Thora?"

"Shi."

"Ya taɓa riƙe ta?"

Na ce, "Baba, akwai gam a jiki, da idona na gani. Gaskiya kawai nake so. Akwai yaron ko babu?"

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai ya miƙe, ya ɗauki farantinsa da hannu mai lafiyar, ya kai ya wanke da kansa, abin da rabonsa da yi tun rasuwar Mama. Ya ce, "Sai da safe, Marlys." Ko rana ba ta faɗi ba.

Tun daga nan, in na yi magana ya amsa, in na yi shiru ya yi shiru. Rabina yana cewa ai shirun nan amsa ce, shekara da shekaru yana yi mana tatsuniya. Ɗaya rabin kuma ko barci ya hana ni. Ka rubuto da wuri ka gaya mini na yi daidai.

Marlys


Maddock
21 ga Janairu, 1995

Wendell,

Ina fatan aikin ƙafa ya yi kyau. Na yi ta zuwa gidan waya har ma'aikaciyar ta fara girgiza mini kai tun daga ƙofa. Na ce ko ciwo ne ya riƙe ka. Ashe kana da lafiyar yin magana, ba da ni ba ne kawai.

Bayan sabuwar shekara Arlo ya je wajen kofi da 'yar mujallarku ta masu tara kayan yaƙi. Ya buɗe ta ya ajiye a tsakiyar tebur. Hotona na uku ne, wanda na ɗauka a kicin ɗinmu. A samansa an rubuta, "Ko ta kawuna ce, jabu jabu ce, in ji Rasche." Rasche dai kai ne. Ba a sa sunan Baba ba, amma wa ke buƙatar suna? Duk gundumar nan mutum nawa ne ke da wannan gutsurarren yatsan?

An ce mini Baba ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe. Ya biya kuɗin kofinsa, ya sa hula, ya fita. Bai sake komawa ba. Ranar Alhamis sai ya zauna bakin taga da rigarsa ta fita a jiki, ba ya zuwa ko'ina.

Makon jiya na same shi a ƙasa kusa da gado. Wannan karon ɓarin dama ne, kuma ya tafi da maganar. Yana asibiti a Minot. Likita ta ce jijiya ce, da ma tana hanya, ba ruwan ɓacin rai. Na gode mata, ban yarda ba.

Na ɗauki biro ne don in zage ka, sai na ga ba ni da bakin. Kai baƙo ka kira shi maƙaryaci a takarda. Ni 'yarsa na riga ka, a teburinsa. Amma hotunan nan amana na ba ka, ba na talla ba ne.

Marlys


Zanesville
6 ga Fabrairu, 1995

Ƙanwata Marlys,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya ba Kawu lafiya, ya tashi kafaɗunsa. Ƙafata ta warke, ba ta cancanci ki tambaya ba.

Wasiƙarki ta Nuwamba ta zo ina shirin asibiti. Na karanta, na ga abin da maganata ta haifa, na ce zan amsa in na fito. Da na fito mujallar tana jirana a kan tebur. Daga nan kunya ta riƙe mini hannu. Bernadine ce ta ajiye mini takarda da biro jiya ta ce, "Ba ka cin abinci a gidan nan sai ka rubuta."

Ga yadda aka yi. A babban baje kolin Nuwamba, teburina yana kallon na Cleve Puckett, mutumin Tennessee, wanda muka daɗe muna sa-in-sa. Shi duk wuƙar ƙarshen yaƙi da ta zo hannunsa gangariya ce, don su yake sayarwa. Wani saurayi ya sayi ɗaya a wurinsa ya kawo mini in duba, na ce ban yarda da ita ba. Sai Cleve ya taso, mutane suka taru.

Ya ce, "Rasche, kai fa ko uwarka ce ta kawo maka takardar haihuwarka, sai ka ce a bari ka duba tawadar."

Aka fashe da dariya. Na ce, "Gara ni, Cleve. Kai in aka manna wa cokali tambari sai ka rantse a Berlin aka ci tuwo da shi."

Ya ce, "Kan kayan mutane kake jarumta. Da a gidanku ne da ka yi shiru."

Hotunanki suna aljihun rigata, na taho da su ne don in nuna wa wani abokina a keɓe. Sai na zaro na ukun na ɗaga sama na ce, "Ga ta gidanmu. Ta kawuna ce, tsohon soja, kuma ko ita ban sa mata hannu ba. Ni ba na duba fuska." Aka tafa mini, Marlys. Na ji daɗin tafin. Mai mujallar ya ce in ara masa hoton, na miƙa masa ina murmushi. Kalmar "jabu" shi ya sa, amma ni na ba shi wurin sa ta.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Da na rubuta miki "akwai magana", nufina sai an duba da kyau. Ban ce jabu ce ba. Tambari yakan faɗi, tsohon soja ya nemi gam ya mayar, na ga irin haka ba sau ɗaya ba. Na san wannan tun ranar da nake rubuta miki, layi ɗaya ne da na ƙara da ba ki yi wa Kawu wannan tambayar ba. Ban ƙara ba don na fi son maganata ta fito a yanke, kamar ta masani. Kada ki ɗora wa kanki abin da yake nawa.

In za ki iya sake ba ni amana, ki aiko mini da wuƙar kanta in riƙe ta a hannu. In kin ƙi, ban ga laifinki ba.

Yayanki,
Wendell


Maddock
20 ga Fabrairu, 1995

Wendell,

Muna gaisuwa. An sallamo Baba, na sa masa gado a falo. Yana haɗiyar abinci mai ruwa-ruwa. Kalma ɗaya ta rage masa, "to". Ita ce i, ita ce a'a, ita ce sunana.

Na sake karanta wasiƙarka ta Oktoba. Gaskiyarka, ba ka rubuta jabu ba. Ni na sa kalmar a bakinka, na kai masa. Don haka kada ka kwashe laifin duka, ka bar mini nawa.

Ga wuƙar cikin tawul. Na tambaye shi kafin in ɗauka, ya ce "to". Ban san wace "to" ba ce.

Marlys


Zanesville
8 ga Maris, 1995

Ƙanwata Marlys,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Kawu, da fatan sauƙi yana samuwa. Wuƙa ta iso lafiya.

Albishirinki. Na duba ta, ta asali ce, ta ƙarshen yaƙi. Ga takardar shaida da sa hannuna. Ki karanta wa Kawu, ki kai wa Arlo ya gani. Zan maido da wuƙar cikin 'yan kwanakin nan.

Yayanki,
Wendell


Maddock
17 ga Maris, 1995

Yaya Wendell,

Lafiya lau muke. Baba ya fara riƙe cokali da hagu, rabi a baki rabi a riga.

Da takardarka ta zo na zauna a mota gaban gidan waya na yi kuka. Na taho gida da gudu in karanta masa, har na buɗe baki, sai na tsaya.

Kai da ka cika mini shafi biyu a kan hoto kawai, yau wuƙa tana hannunka ka rubuto layi uku? Ina maganar gam? Ina 'yan ƙafafun? Mutumin da matarsa ta ce ba ya tsayawa in ya fara, me ya tsayar da shi?

Wendell, in tausayi ne ya sa hannu a takardar nan, ka gaya mini. Na riga na je wa Baba da maganar da ba haka take ba sau ɗaya, ka ga inda ta kai mu. Ba zan sake ba, ko da mai daɗi ce. Shi ba ya iya magana, amma idonsa yana nan, kuma ya san fuskata in ina karanta abin da ban yarda da shi ba.

Takardar tana cikin aljihun tebur. Ina jiranka.

Ƙanwarka,
Marlys


Zanesville
2 ga Afrilu, 1995

Ƙanwata Marlys,

Ina gaishe ku. Na ji daɗin labarin cokali, Allah ya ƙara ƙarfi.

Ki yaga takardar. Kin kama ni. Ban taɓa sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba sai wannan karon, kuma na yi ne don in samu in yi barci, ba don Kawu ba.

Ga gaskiyar. Ruwan wuƙar da tambarin maƙerin sun yi daidai da na ƙarshen yaƙi. To amma da irin waɗannan ruwan aka harhaɗa na bayan yaƙi, don tulinsu aka bari. Kuben ya tsufa yadda ya kamata. Gam ɗin tsoho ne, amma gam ba ya faɗin ranar da aka shafa shi, ko dalili. In ana son ganin 'yan ƙafafun sai an fasa mariƙin, ni kuwa ba zan fasa ba. Ko na fasa na same su, wani zai ce tambarin asali ne aka ɗora wa wuƙar bayan yaƙi.

Na tuƙa mota har Tennessee na kai wa Cleve. Ya buɗe ƙofa ya gan ni ya ce, "Lafiya, Rasche? Ko ka zo duba ko ni ma jabu ne?" Na ba shi labari duka. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duba ta, ya ce shi a wurinsa gangariya ce. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka san ni, kada ka kai wa yarinyar nan maganata a matsayin hujja." Wani dattijo a Kentucky da duk muke girmamawa ya ce shi zuciyarsa ta fi karkata ga bayan yaƙi, amma ba zai rantse ba.

Ban sani ba, Marlys. Amsar ke nan. Na rubuta wa mujallar haka, na ce na yanke hukunci a kan hoto don in ci gardama, na ci mutuncin dattijon da bai yi mini komai ba. Sun buga a shafin ƙarshe da ƙananan haruffa, ƙarƙashin tallan hulunan ƙarfe. Ga shi na yanko miki.

Abu ɗaya kuma, ba hujja ba ce. An wasa wuƙar nan da dutse, wasawar wanda bai iya ba, duk ta karce. A ƙa'idarmu wannan aibi ne, yana rage daraja. Ina kallon karcen sai na ga yatsuna huɗu sun cika mariƙin har sun yi yawa. Ina da irinta fiye da yadda zan gaya wa Bernadine, ban taɓa tsayawa na yi tunanin girman hannun da aka yi su dominsa ba. Tun ranar ban sauka ɗakin ƙasa ba.

Na sa wuƙar a gidan waya yau. Ki ce wa Kawu jikan Thora yana neman gafara. Ban san ko ya kamata ki faɗa masa ba, ke kika san shi.

Yayanki,
Wendell


Maddock
30 ga Afrilu, 1995

Yaya Wendell,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kai da Bernadine, ka ce mata na gode. Ƙanƙara ta narke, hanya duk taɓo, an fara huɗa. Baba yana zama a kujera yanzu, ya ɗan yi ƙiba. Magana dai ba ta dawo ba, likita ta ce kada in sa rai.

Arlo ya zo. Na kai masa abin da ka yanko, washegari sai ga shi a ƙofa da hula a hannu. Ya zauna gaban Baba ya yi ta zuba a kan farashin taki da wanda ya sayi sabuwar tarakta. Da zai tafi ya ce, "Orrin, kujerarka tana nan, ba mu bar kowa ya zauna ba. Kuma mun bar wa wuƙar wuri a akwatin gilashi." Baba ya kalli taga. Bai ba shi ko "to" ba.

Na karanta masa wasiƙarka duka, har da Cleve, har da neman gafarar. Da na zo wajen "ban sani ba", gefen bakinsa mai lafiyar ya ɗan motsa. Ko dariya ce, ko me, oho.

Sai na ajiye takardar na durƙusa gaban kujerar. Na ce, "Baba, na tambaye ka abin da bai kamata ba, ta hanyar da ba ta kamata ba. Ba sai ka amsa ba. Ka yafe mini." Ya kai idonsa kan tawul ɗin da ke kan tebur. Na gane, na warware na ɗora masa wuƙar a cinya.

Ya daɗe yana fama da kuben da hannu ɗaya. Na kai hannu in taimaka, ya ture ni da gwiwar hannu. Da ya zare ta, na zaci tambarin zai nuna mini, ko gam ɗin. A'a. Juya ta ya yi, ya kama ta ta wajen ruwan, tsinin yana kallon cikinsa. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya ɗaga kafaɗu kamar mai jiran duka, ya miƙo mini mariƙin. Hannun yana rawa sosai. Ban sani ba ko ciwon ne, ko nuna mini yake yadda hannun yaron nan ya yi.

Sau ɗari na ji labarin nan, Wendell, bai taɓa yin haka ba. Kullum nasa ɓangaren yake ba mu, ƙwai da cakulan da ƙofar baya. Bai taɓa nuna mana yaron ba.

Na san abin da za ku ce a mujallarku, wannan ba hujja ba ce. Na yarda. Na tsaya a durƙushe ban san abin yi ba, shi kuma bai ɗago ba, bai sauke hannun ba. Sai na gane jira yake. Na karɓa.

Da na karɓa ya ɗago ya dube ni, irin kallon da rabona da shi tun kafin bikin Godiya. Ban ce ya yafe ba, don bai faɗa ba, kuma na daina sa wa mutane kalma a baki.

Ba za mu kai ta zauren ba. Na tambaye shi sau biyu, ya rufe ta da tawul ya ɗora hannu a kai. Na gaya wa Arlo ya ba wani wurin.

In ƙafarka za ta iya doguwar tuƙi, ku zo a watan Yuni, kafin zafi. Akwai ɗaki a sama. Ban yi maka alkawarin zai kalle ka ba, Arlo ma har yau bai samu ba. Amma neman gafara ta gidan waya bai isa ba, ni da nake cikin gidan ma sai da na durƙusa. Ka zo ka zauna a gabansa ka faɗa da bakinka. Ni zan dafa kofi in fita in ba ku wuri.

Ƙanwarka,
Marlys